Gashi mai kilif da goyo: ki ji abin da ya same ni kafin ki saya

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kamar labarina kika rubuta. Kin ce yaronki wata huɗu, gashinki na zuba, gaban goshi har ya fara haske, ga bikin ƙanwar maigidanki saura sati uku, kina son ki sayi gashin nan mai kilif ki maƙala ranar kamu, in kin dawo ki cire. Allah sarki. Ni ma bikin dangin miji ne, ni ma ina goyo, shekara biyu ke nan, a nan Gombe.

A Instagram na ga matar da ke sayar da gashin. Ta ɗora bidiyo tana shafa gashin yana sulɓi, ta yi ta rantsuwa gashin mutum ne tsantsa, wai daga Brazil. Na tura mata N48,000, kuɗin adashina da na yi wata shida ina zubi. Aka sako shi a mota daga Legas, na je tasha na karɓa da yaro a baya. Falle bakwai ne, inci 20, kowane falle da kilif ɗinsa, wani biyu wani uku wani huɗu, masu ƙananan haƙora kamar na mataji. Tun da na buɗe ledar na ga yana wani ƙyalli da bai yi kama da na bidiyon ba, amma zuciya ta riga ta kwaɗaitu, na ce ƙila hasken ɗaki ne.

Kuskurena na farko, saura kwana huɗu biki na je na sa rilaksa don nawa ya kwanta ya saje da shi. Gashin da dama yake zuba, na ƙara masa wuta. Ranar kamu mai gyaran gashi ta zo gida, na nuna mata gefen goshina da ya yi fili na ce nan nake son a rufe, ita kuwa ba ta ce min komai ba, ta kama 'yan siraran gashin wajen ta datse kilif a kansu. Daga nan mai kwalliya ta ɗaura min gwaggwaro, kin san yadda suke ja har sai ido ya ɗage. A kan kilif ɗin ta ɗaure, aka bar jelar ta sauko kafaɗa. Da na kalli madubi na yi kyau, ba zan ɓoye miki ba, rabon da in ji ni mace haka tun kafin in haihu.

Watan Afrilu ne, kin san zafin Gombe a lokacin. Tun kafin la'asar kaina ya fara sara, ina jin haƙoran nan suna nitsewa a fatar kaina, gumi na shiga wajen yana zogi. Na daure. Ana tsaka da liƙi yaro ya fara kuka, na karɓe shi daga hannun ƙanwata na koma gefe zan ba shi nono. Ya kai hannu ya damƙe gashin da ke kafaɗata ya fizga. 'Yar uwa, na ji ƙarar tsinkewar a cikin kunnena. Fallen gefen hagu ya fito gaba ɗaya daga ƙarƙashin ɗaurin, ya faɗi a kan tabarma, da gashina na gaske cunkushe a haƙoransa.

Da a ce shiru aka yi da na sa ƙafa na take shi, ba wanda zai sani. Amma facalata na zaune kusa. Ta ɗauka, ta ɗaga shi sama da yatsa biyu kamar ta tsinci mushen ɓera, ta ce da ƙarfi, "A'a, dama ba naki ba ne? Mu nan muna ta masha Allah." A gaban uwar mijina. A gaban gwaggonnin maigida da suka zo daga Dukku. Wasu suka tuntsire da dariya, wata tsohuwa ta kama salati. Hajiya ba ta ce uffan ba, kallona kawai ta yi ta kau da kai, kuma wannan kallon ya fi min maganar ciwo. Facalar nan tawa da ta haihu ni na kwana da ita a asibiti, ni na wanke mata zannuwa. Ta fi kowa sanin gashina na zuba, don ita na fara nuna wa mataji cike da gashi ina hawaye. Da ta matso ta raɗa min a kunne me zai ragu a jikinta? Na shiga banɗaki da yaro a hannu na yi kuka har kwalliyar ta dame, ban ƙara fitowa cikin taro ba sai da aka watse. Har yau muna gaisawa, amma in na ji muryarta a tsakar gida sai gabana ya faɗi.

Da muka dawo gida gajiya da baƙin ciki suka sa na kwanta da sauran shidan a kaina. Kada ki taɓa yin haka, ko na awa ɗaya ne. Da safe da ƙyar na ɓalle su, duk inda kilif ya zauna ya yi ja ya kumbura, bayan kwana biyu ƙuraje suka feso. Sai ƙanwar mahaifiyata, wadda ke sarin kaya daga Chana, ta ce in tsinko sili biyu in sa musu ashana. Gashin mutum in ya ƙone warin babbaka yake yi, ya zama toka ki murje da yatsa. Nawa narkewa ya yi ya dunƙule kamar leda, da warin roba. Ita ce ta gaya min sunan Brazil ɗin nan yawanci na talla ne kawai, gashin mutum na gaske akasari daga Indiya ake samo shi, inda masu ziyarar wurin bauta irin na Tirupati suke aske kansu, sai a kai masana'antun Chana a gyara a ɗinka. Na tura wa matar da ta sayar min hoton abin da ya ƙone. Ta karanta, ta toshe ni. Na bar ta da Allah.

Ga maganar da tsohuwar nan ta yi wa salati, wato hukuncin ƙarin gashi a addini, ba sai na tsaya yi miki wa'azi ba, duk mun san hadisin Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, na matar da ta zo tambaya a kan 'yarta amarya da ciwo ya zubar mata da gashi. Malamai sun yi bayani, wasu sun bambanta gashin mutum da na zare, wasu sun hana duka. Ni lokacin ban tambaya ba sai da abin ya faru, kuma ya dame ni ƙwarai. Ki samu malamar Islamiyyarku ki tambaye ta tun kuɗinki na hannunki. Ki kuma tuna la'asar da magariba za su same ki a wajen bikin, ga shafar kai a alwala.

Bayan wata biyu gefen hagu bai tsiro ba, na je wajen likitar fata. Ta ce abu biyu ne suka haɗe min. Zubar gashi bayan haihuwa daban: lokacin ciki gashin da ya kamata ya zuba ba ya zuba, sai wajen wata uku da haihuwa ya sauko a tare, kuma yawanci kafin yaro ya shekara ya dawo da kansa. Amma wanda ja ya tumɓuke, in aka ci gaba da ja a wuri ɗaya, saiwar na iya mutuwa ta bar tabo, shi ke nan ba zai ƙara fitowa ba. Ta sa aka gwada jinina aka ga ya yi ƙasa, ta rubuta min maganin ƙarin jini. Ke ma ki je a duba, masu shayarwa da yawa muna yawo da ƙarancin jini ba mu sani ba, ana ta ba mu kunun kanwa ana cewa ya wadatar.

In kin tambaya kin ga dole sai kin sa, don Allah kada kilif ya kusanci goshi ko saman kunne, ki bar tazarar yatsa biyu zuwa uku, a maƙala a tsakiya da ƙeya inda gashi ke da ƙarfi. Ba sai kin sa duka bakwai ba, uku sun isa, nauyin ne ke ja. Ki hana mai ɗauri ta matse, in ta ce ba zai yi kyau ba ki ce kanki ne. Kada ki sa rilaksa a satin. Ki saya inda za ki taɓa da hannunki, ko a Babbar Kasuwa ne, ki ce a ba ki sili ɗaya ki ƙona a gaban mai shagon. In na roba ne kada ki kusantar da shi da abin miƙar da gashi, kuma ki jiƙa shi a ruwan khal ki ɗauraye ya bushe tukuna, yana rage ƙaiƙayi. Da kin ji kai ya fara sara, ki shiga ɗaki ki cire.

Ni dai abin da ya taimake ni daga baya, na daina ƙananan kitso, na koma manyan kalaba sakwa-sakwa, ina wankewa da karkashi, in shafa man kaɗanya a gefen goshi da daddare. Har ribom ɗin da nake tamke gashi da shi a ƙarƙashin hijabi na daina. Gefen dama ya cike tas, na hagu kuwa har yanzu akwai wani ɗan wuri kamar girman kwabo da bai rufe ba.

Ki gaya min, kin sa rilaksa bayan haihuwar nan ko ba ki sa ba? Kuma inda ya yi hasken, in kin shafa kina jin ƙananan gashi suna tsirowa, ko sumul yake?