Me ya sa yawan bugunka a wasan golf bai ragu ba duk da atisaye?

Ɗan'uwa, ka ce kullum kana zuwa filin atisaye kana dukan ƙwallo da sandar dogon bugu, amma yawan bugunka a ramuka 18 ya ƙi sauka. Ina ganin a nan matsalar take. Wannan sandar sau 14 ake ɗaukarta a yawancin zagayen ramuka 18, wani lokaci ma ƙasa da haka. Amma a fili mai ma'aunin bugu 72 (yawan bugun da ake sa ran ƙwararre zai yi ya gama ramukan), an ware bugu biyu a kowane rami don gangara ƙwallo cikin rami kawai, wato 36, rabin wasan ke nan.

Don haka ka mayar da rabin lokacinka kusa da rami. Jera ƙwallo shida su kewaye shi a tazarar mita ɗaya, kada ka tashi sai ka zura su a jere. In ɗaya ta kuskure, ka sake daga farko. Akwai gundura, amma yana koya wa hannu natsuwa. Daga nesa kuwa, kamar mita 10, kada ka damu da zurawa, ka dai sa ta tsaya inda bugu na biyu ba zai gagare ka ba.

In ka koma dogon bugu, kowace ƙwallo ka zaɓar mata inda za ta sauka, kuma ka riƙa canza sanda. Lokacin hunturu a Kano ko Kaduna ƙasa na ƙeƙashewa, ƙwallo na gudu sosai, sai ka saukar da ita kafin ta kai ciyawar da ke kewaye da rami, ta ƙarasa gangarawa da kanta.