Ga ƙanwata da aka ce ta zama wakiliyar ƙungiya a makarantarsu

Salamu alaikum. Malama, tun jiya da dare na ga tambayarki, na ce bari gari ya waye don kar in rubuta da zafin zuciya, ga shi kuma har yanzu zuciyar ba ta huce ba. Kin ce shekararki 4 da fara koyarwa, abokan aiki sun matsa ki zama wakiliyar ƙungiyar malamai ta NUT a makarantarku, ke kuma kina tsoron a jefa ki ƙauye ko a taɓa miki albashi, ga maigida ya ce ba ruwansa. Wallahi kamar ni kika zana.

Ni da takardar malanta ta Gired Tu na fara, daga baya na yi NCE a cibiyar horar da malamai ta NTI, Asabar da Lahadi, da goyo a bayana. Wakilcin nan haka aka ɗora min shi, wai don ina da baki. Ki karɓa, amma ki saurara tukuna.

Kowa a nan Kaduna ya san jarabawar da gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare a 2017, ba sai na maimaita ba. Jarabawar aji huɗu, maki 75, mutum 21,780 aka ce sun faɗi, za a sallame su. Ni na tsallake, amma a makarantarmu ta Rigasa har da matar da ta koya min yadda ake rubuta shirin darasi. Da aka shiga yajin aiki ranar 8 ga Janairun 2018, ni ce na bi aji-aji ina cewa kowa ya ajiye alli. Kowa ya ce "muna bayanki, Anti." Hmm. Ashe bayan nawa da nisa suke nufi.

Kwana na uku na leƙa don in ga ko akwai mai koyarwa. Sai na tarar da rajistar masu zuwa aiki a buɗe a kan teburin hedimasta, an ɗaure biro da zare, sunaye sun kusa cika shafi. Har da wadda muke cin ɗanwake a kwano ɗaya kullum lokacin tara. Ta gan ni ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Ita ban riƙe ta ba, marayu take ciyarwa. Shi hedimastan ne har gobe idan na tuna sai na yi istigfari. Mutumin da ranar sunan 'yarsa ni na kwana a gindin murhu ina tuƙa tuwo. Mutumin da na sha rufa wa asiri idan ya tafi harkar gonarsa ranar aiki. Ya dube ni ya ce, "Malama, ni ma umarni aka ba ni." Ashe ya riga ya rubuta cewa ni ke zuga malamai. Yajin kwana goma kawai ya yi aka janye, amma nawa bai ƙare ba. Takardar tuhuma ta fara zuwa, sai ta canjin wurin aiki, can wani ƙauye bayan Turunku. Mota biyu da acaɓa, in fita bayan asuba in dawo dab da magariba, kusan rabin albashi a hanya. Shekara biyu da wata bakwai. Kuma ranar da na je kwashe kayana har da ce min Allah ya sa hakan ne mafi alheri, yana ɓare gyaɗa.

Abin da ya cece ni takardu ne. Ki nemi fayil yau ɗin nan: takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma, shaidar hukumar rajistar malamai ta TRCN, kowace ki yi hoto uku, ɗaya ki kai gidan mahaifiyarki. Kada ki taɓa isar da saƙon ƙungiya da baki kawai, ki sa reshen ƙaramar hukuma su ba ki a rubuce da hatimi, ke 'yar aike ce. In an ba ki takardar tuhuma kada ki amsa a ranar, ki kai wa sakataren reshe ku rubuta tare. Kuma ajinki ya fi na kowa tsafta, kada ki makara ko da minti biyar, don ta nan ake kama mutum. Muƙami ba ya kare kowa, kin dai ga 2022 da aka sallami 2,357, har da shugaban ƙungiyar na ƙasa Audu Amba a ciki.

Maganar maigida kuwa, kada ki yi wasa da ita. "Ba ruwana" ba izini ba ne. Nawa ma haka ya ce, da aka tura ni ƙauye sai da muka yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ki samu babban yayansa ko wani da yake jin nauyi a zauna. Sannan ki shiga adashi, mai kwasa biyu in da hali, kuma don Allah ki guji bashin da ake cirewa daga albashi, shi ya fi komai sa malami ya sa hannu a rajista yana kuka.

Af, 'yan ƙauyen nan da na je ina hawaye, su ne har yau suke aiko min da masara da kaka. Ɗaya daga cikin yaran har ya samu shiga kwalejin ilimi ta FCE Zariya.

Wace ƙaramar hukuma kike? Ki yi min magana ta gefe, in Igabi ce akwai wadda zan haɗa ki da ita kafin ranar zaɓen naku.