Ogan na cocin Saint-Sulpice, shekarunsa nawa?

Ɗan'uwa ka tambaya ko ogan (babban kayan kiɗa mai bututu da ke aiki da iska) na cocin Katolika na Saint-Sulpice da ke birnin Faris na Faransa sa'an ginin ne. A'a, ginin ya girme shi sosai, tun 1646 aka aza harsashi. Wani maƙerin ogan mai suna Clicquot ne ya fara ƙera wannan ogan ɗin a 1781, sai wani maƙerin, Cavaillé-Coll, ya sake gina shi a 1862 amma bai zubar da tsofaffin bututun ba, ya haɗa su da sababbi, abin da ya fi burge ni ke nan wallahi. Jeren madannai biyar gare shi, bututu wajen 7,000, kuma kafin zuwan lantarki ƙarti ne ke taka zugazugi da ƙafa don iska ta shiga. Shahararren makaɗin ogan Widor ya kaɗa shi daga 1870 har 1933.