Amsar tambayarka kan muryar ƙararrawa a wajen jahi

Ɗana, ka tambaye ni ko al'ada ce mahaya su sauke muryar ƙararrawar dawakinsu idan sun wuce a guje ranar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, domin ka ji tana tahowa da kaifi, tana wucewa ta yi kauri. Wannan ba ya cikin ladubban fada. Girmamawar da ke cikin jahi ita ce sukuwa, da tsayar da doki a gaban sarki, da jinjina. Sauyin muryar kuwa gudun dokin ne ya haddasa shi.

Sauti girgizar iska ce da ke tafiya bi da bi, tana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Idan doki ya nufo ka, kowace girgiza tana tashi daga wurin da ya fi na wadda ta gabace ta kusa da kai, sai su riƙa isowa kunnenka a matse, ka ji murya siririya. Da ya ba ka baya, sai tazararsu ta buɗe, muryar ta yi ƙasa. Mahayin kansa ba ya jin wani sauyi, tun da shi da ƙararrawar tare suke tafiya. Dokin da ke cin mita 12 a daƙiƙa yana sa bambanci na kusan kashi 7 cikin 100 tsakanin zuwansa da wucewarsa, kuma kunne yana kama wannan sarai. Haka ma zai faru idan kai ne ke gudu a kan babur, mai busa yana tsaye.

Wani masani ɗan ƙasar Austriya, Christian Doppler, ya bayyana wannan a 1842, sannan a 1845 Buys Ballot ya gwada shi a Holan, inda ya ɗora masu busa ƙaho a jirgin ƙasa, wasu makaɗa suka tsaya a bakin dogo suna saurare.

Sai dai kada ka jingina kowane sauyin murya ga wannan. Masu algaita da kakaki da ke tafe a hankali, sauyinsu bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ƙarar ce kawai ke raguwa da nisa. Mai kalangu kuwa da gangan yake matse tsirkiya a hammata yana sassautawa, domin gangar ta bi hawa da saukar kirarin da yake yi, kuma wannan gwaninta ce da ake koyo a gidan makaɗa tun ana yaro.