Tambayi Likita: Ɗalibai, waya da ƙuncin zuciya

Wani ɗalibi daga Kafin Hausa: Likita, nakan sayi datar dare don karatu, sai in ɓige da TikTok har assalatu. A aji kuwa sai gyangyaɗi. Ciwo ne?

Ɗana, ba yawan awoyi kaɗai muke dubawa ba. Ka yi niyyar dainawa ka kasa? Wayar ta ture karatu da sallah? Kana ganin illar amma kana ci gaba? Da irin wannan ma'auni Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka a 2019, idan abin ya kai wata 12.

Barcinka na fi jiye wa. Sa'anka na buƙatar awa 7 zuwa 9, kuma cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Hasken waya yana jinkirta sinadarin melatonin mai kawo barci. Ka ware dare ɗaya a mako ka sauke darussanka, sauran dararen ka bar wayar ta kwana wurin mai caji. Ka shiga Digital Wellbeing, sashen saitin wayar Android mai ƙayyade lokacin amfani da manhaja, ka yanka wa TikTok minti 30. Kada ka ce yau za ka koma kwanciya ƙarfe goma, idonka zai bushe ka sake jawo wayar. Matso da lokacin kwanciyar da rabin awa duk kwana uku.

Wata uwa daga Ringim: 'Yata ta dawo hutu daga kwaleji, kullum tana ɗaki da waya, ba ci sai kuka. Maƙwabta sun ce iskoki ne.

Hajiya, kada ki ƙwace wayar tukuna. Ƙunci, ƙin abinci da gudun mutane da suka kai mako biyu alamun ciwon damuwa ne, wayar sau da yawa mafaka ce kawai. Zauna da ita ku biyu, ki tambaye ta a hankali ko wani na yi mata barazana da hotunanta. A ci gaba da addu'a, a kuma kai ta babban asibiti. In da buƙata za a tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano. In ta ambaci mutuwa, ku tafi ranar, ki kuma kawar da fiya-fiya da maganin feshin gona daga gidan.

Wani ɗalibi daga Bichi: Cacar ƙwallo ta waya ta cinye kuɗin rajistata.

Neman mayar da asara shi ke ƙara zurfafa ramin. Goge manhajar yau, ka damƙa wa yayanka katin banki, ka faɗa wa mahaifinka gaskiya kafin a rufe rajista.