Jos ce ɗakin gwajinki

Malama, kin tambayi yadda za ki koyar da darasin ƙasa da muhalli a sakandare alhali ba ku da ɗakin gwaji. Ai Jos ce ɗakin gwajinki. Ki kai ɗaliban bakin tsofaffin kududdufan haƙar kuza na Rayfield, amma su tsaya nesa da ruwan, don yana da zurfi ƙwarai. Su ga jar ƙasar da aka tara, da yadda ruwan sama ke zaizayar ta.

Kowa ya ɗebo ƙasa a kwalba, ya zuba ruwa, ya girgiza. Yashi zai fara kwanciya, laka kuma sai washegari. Ɗalibaina sun fahimci wannan fiye da duk zanen allo.