Sayen tsohon jirgin katako a Yauri

Ɗan'uwa, ka ce an yi maka tayin tsohon jirgin katako da injinsa a Yauri, kana so ka gyara ka riƙa dakon kaya, ko akwai riba? Akwai, amma kada ka biya ko sisi jirgin yana kan ruwa. A jawo shi tudu a kife shi. Ka ɗauki tsinin wuƙa ka bi ƙasan kana tsokana: duk inda ta nutse kamar a dafaffen rogo, katakon ya ruɓe, sai canji. Sabon fenti kuwa tsoro yake ba ni. Na taɓa sayen wanda aka rufe ruɓa da shi, kwana uku muna kwalfar ruwa da ƙwarya.

Gyaran jiki ba wuya in ka samu kafintan bakin kogi. Katakon da ya mutu a sa na maɗaci, a cusa tsumma a mahaɗa, a bi da kwalta mai zafi, a sauya ƙusoshi masu tsatsa.

Inji ne mai cin kuɗi. A tayar da shi a gabanka da sassafe, ka ga yana tsartuwar ruwan da ke sanyaya shi. Ka duba man giya: in ya yi fari kamar madara, ruwa na shiga.

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 akwai kututture a ƙarƙashin ruwa, don haka a sa katako mai kauri a ƙasan. Ka kuma ware kuɗin rajistar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, da na rigunan kariya daga nutsewa.